Amsa: Kwasa-kwasan da za ki ɗauka kafin komawa jami'a

'Yar'uwa, tunda kin ce a kwalejin shekara biyu kike a Kalifoniya, kuma ilimin zamantakewar al'umma kike son ci gaba da shi, fara zaɓar jami'ar tukuna, sannan kwas. Shiga shafin intanet na ASSIST.org, ki sa sunan kwalejinki da jami'ar, za ki ga darasin da za a karɓa da wanda ba za a karɓa ba.

In jami'o'in CSU (California State University) kike nufi, bi tsarin AA-T, wato digirin shekara biyu na masu komawa jami'a: yunit 60 (ma'aunin nauyin darussa) da matsakaicin sakamako (GPA) akalla 2.0 suna tabbatar miki da gurbi, sai dai ba lallai a harabar da kika fi so ba. In kuwa UC (University of California) ce, akwai TAG, wato shirin tabbatar da gurbi ga masu zuwa daga kwaleji, a harabobi 6, a watan Satumba ake nema, amma babu harabobin Berkeley da UCLA (Los Angeles) da San Diego a ciki.

Don Allah kada ki jinkirta lissafin ƙididdiga. Da yawa suna gudunsa har zangon ƙarshe, alhali shi ne ginshiƙin darussan bincike da ke gaba. Ki ɗauke shi a shekarar farko, tare da rubutun Turanci da gabatarwar fannin.

Ki nemi mai ba ɗalibai shawara ya rubuta miki jadawalin zango huɗu.