An ba ni aikin shafin cibiyar mabiya Buddha, daga ina zan fara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Ingila, ina ɗan taɓa gina shafukan intanet don samun na cefane. Kwamitin wata ƙaramar cibiyar mabiya addinin Buddha, yawancinsu 'yan asalin Siri Lanka, sun ba ni aikin sabunta shafinsu. Iyakar abin da suka ce, suna son ya ja hankalin matasa da baƙi. Ban san komai a kan addinin ba. Niyyata in sa ƙaton hoton Buddha a shafin farko, da bidiyo yana motsi a bayansa, da ɗan kiɗa mai sanyi. Hakan ya yi?

Amsa: Ƙanena, barka kadai. Kiɗan nan ka manta da shi, bidiyon ma ka ajiye tukuna. Shafin da yake fara kiɗa da kansa, mutum yana cikin bas ko wurin aiki, rufe shi ake yi da sauri. Maganar hoton kuwa tana da tsawo, zan zo kanta.

Ka riga ka samu amsar tambaya mafi muhimmanci ba tare da ka lura ba, wato wane ɓangare ne na addinin. Tunda 'yan Siri Lanka ne, kusan tabbas mabiya Theravada ne, tafarkin da ake bi a Tailan da Miyanma da Kambodiya. Na Sin da Japan da Koriya daban suke, na Tibet ma daban. Ana gane bambancin tun daga tufafi: limaman Theravada, waɗanda suke kira bhikkhu, mayafinsu ruwan goro ne ko ruwan ƙasa, na Tibet ja mai duhu, na Koriya ruwan toka. In ka shiga rumbun hotunan kyauta ka ɗauko limamin Tibet ka liƙa a shafin 'yan Siri Lanka, dattawan kwamitin za su gane a kallon farko. Mafi muni shi ne mutum-mutumin nan mai ƙaton tumbi yana dariya, wanda ake ajiyewa a gidajen cin abincin 'yan Sin. Ba shi ne Buddha da ya kafa addinin ba. Sunansa Budai, wani limami ne na ƙasar Sin da aka ce ya rayu a ƙarni na 10. Masu zane da yawa sun faɗa wannan ramin.

Hoton Buddha a wurinsu abin girmamawa ne, kuma ba su ɗaukar lamarin da wasa. A 2014 hukumomin Siri Lanka sun kori wata 'yar yawon buɗe ido daga Birtaniya saboda zanen Buddha da ke dantsenta. A 2015 wata kotu a Miyanma ta yanke wa manajan wata mashaya da abokan aikinsa biyu ɗaurin shekara biyu da rabi, saboda tallar da suka sa a Facebook mai hoton Buddha da abin sauraron kiɗa a kunnensa. A Ingila ba mai ɗaure ka, amma mutanen da za ka yi wa aikin can tarbiyyarsu ta fito. Saboda haka kada ka yanke hoton ya zama kai kawai, kada ka ɗora rubutu ko maɓalli a kan fuskar, kada ka kai shi can ƙasan shafi. Ka duba yadda yake fita a waya, domin hoton da ya zauna daidai a kwamfuta sau da yawa waya kan datse masa kai. In tambari kake nema, akwai da'irar nan mai sanduna takwas kamar wilin keke, alamar tafarki mai rassa takwas na koyarwarsu, akwai kuma furen nan mai kama da bado. Launuka ma ba sai ka wahala ba: tutar addinin, wadda aka tsara a birnin Kolombo na Siri Lanka a 1885, tana da shuɗi da rawaya da ja da fari da ruwan goro. Ɗauki ɗaya ko biyu, duka biyar a shafi ɗaya sai ya koma kamar rumfar biki.

Ni da zan zaɓa, hoton da zai hau shafin farko shi ne na ƙofar cibiyar da mutanenta, ranar da suka taru. Dalilina shi ne mutum iri biyu ne ke buɗe irin wannan shafi, kuma babu wanda ya zo kallon ado a cikinsu.

Na farko baƙo ne. Ya ji labarin zaman natsuwa da suke yi, yana son ya gwada, amma yana jin nauyin shiga wurin da bai san ƙa'idarsa ba. Abin da ke ransa ƙanana ne: wace rana, ƙarfe nawa, ana biya ne, da wane harshe ake magana, ina zan ajiye mota. Yi masa shafi guda mai suna kamar "Zuwanka na farko", maɓallinsa a fili tun daga sama. A faɗa masa ana cire takalmi a ƙofa, ana sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa, ana zama a ƙasa amma akwai kujera ga mai ciwon ƙafa, ba a miƙe ƙafa ta fuskanci mutum-mutumin Buddha ko limami. Da adireshi da taswira da tashar jirgin ƙasa mafi kusa. Wannan shafin zai kawo musu baƙi fiye da kowane bidiyo.

Na biyu ɗan gida ne, kuma kalanda ya zo nema. A nan aikinka yake da gaske. Ranakun ibadarsu da wata suke tafiya, abin da ba baƙo ba ne a wurinka. Ranar da wata ya cika sunanta Poya a Siri Lanka, hutu ce a ƙasar baki ɗaya. Babban bikinsu Vesak, na tunawa da haihuwar Buddha da wayewarsa da rasuwarsa, yana zuwa da cikar wata galibi a Mayu, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar a 1999. Akwai zaman damina na wata uku da limamai ke yi, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, sai bikin Kathina ya biyo baya, inda ake ba su kyautar mayafi. Kwanakin suna canzawa duk shekara, sannan cibiyoyi da yawa a Turai kan matsar da taron zuwa ƙarshen mako don masu aiki su samu zuwa. To kada ka rubuta kwanan wata a cikin hoto, kada kuma ka lissafa da kanka. Gina kalandar da sakataren kwamiti zai iya gyarawa daga wayarsa. WordPress, manhajar gina shafuka, ya wadatar. Shafin da ke tallar bikin bara, duk wanda ya gani zai ɗauka wurin ya mutu.

Sai batun dana, wato kyauta. Dokar limaman Theravada ta hana su karɓar kuɗi, ba su kuma cin abinci bayan rana ta take tsaka, jama'a ne ke kawo musu. Iyalai kan karɓi rana, yau gidan wane, gobe gidan wance. Tambayi kwamitin yadda suke raba ranakun. In a takarda ne ko a WhatsApp, jadawalin da iyali za su ga ranar da ba kowa su ɗauka zai iya zama abin da aka fi buɗewa a shafin duka. Maɓallin ba da gudummawa ya tafi asusun cibiyar, da lafazi mai taushi, ban da hoton limami a gefensa kamar shi ke roƙo. In cibiyar tana da rajistar ƙungiyar agaji, sa fom ɗin Gift Aid: duk fam ɗaya da mai biyan haraji a Birtaniya ya bayar, gwamnati na ƙara kashi ɗaya bisa huɗu na fam.

Haruffa kuma, kai da ka san yadda ƙ da ɗ da ɓ ke rikiɗewa su zama akwati a wasu shafuka ba sai an yi maka dogon bayani ba. Kalmomin Pali, harshen littattafansu, suna da ā da ṃ da ñ, dattawa kuma za su so sanarwa da rubutun Sinhala, harshen yawancin 'yan Siri Lanka. Jerin haruffan Noto na Google yana ɗauke da su duka. Ka sa rubutun ya yi girma, baƙi a kan fari ko abin da ya yi kusa da haka, don tsofaffin idanu.

Yawancin irin waɗannan cibiyoyi suna da makarantar yara ranar Lahadi. Hoton yaro ba ya hawa shafi sai da izinin iyayensa a rubuce.

Kafin ka zana komai, nemi izini ka je ranar taronsu, ka zauna daga baya, ka ji tambayoyin da sababbin zuwa ke yi a bakin ƙofa. Ranar miƙa aiki kuma, ka tabbata rajistar sunan shafin da sunan cibiyar aka yi, kalmomin sirri suna hannun mutum biyu a kwamitin, domin kai ɗalibi ne, wata rana za ka gama karatu ka tattara.