Yoga bayan aikin ƙaba

Ɗan'uwa, ka ce sati 2 ke nan da yi maka aikin ƙaba, kana so ka koma yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da daidaita numfashi. Allah ya ƙara sauƙi, amma kada ka yi garaje.

Yanzu dai tafiya ce abin yi, ko daga gida zuwa masallacin unguwa bayan Asuba, sai numfashi a hankali kana kwance rigingine. Duk motsin da zai sa ka yunƙura, ko ka kwanta rub da ciki kana ɗaga ƙirji, ajiye shi sai an kai sati 4 zuwa 6, kuma likitanka ya duba ɗinkin. Jarkar ɗan garuwa ma kada ka taɓa. Ƙurar Kano kuwa ba ta barin tari, in ya zo danna filo a wurin.

In ka ga kumburi, zazzaɓi ko amai, koma asibiti a ranar.