Tambaya da Amsa: Wai ana ɓoye saƙo a cikin hoto?

TAMBAYA: Salam Malam, ina gyaran waya a Ƙofar Ƙaura nan Katsina, wani kwastoma yace min wai ana iya saka rubutu cikin hoto ba wanda zai gani, da gaske ne?

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, gaskiya ya faɗa maka, ana kiran abin siteganogirafi. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana, kowane ɗigo da lamba uku, ta ja, ta kore da ta shuɗi, daga 0 zuwa 255. To in ka maida 200 ta zama 201 wallahi ido bazai taɓa ganewa ba, a wannan ɗan canjin manhaja take zuba saƙo, ɗigo uku sun isa ɗaukar harafi ɗaya, ka ga hoton Gobarau guda ɗaya zai ɗauke doguwar wasiƙa. Ko a 2010 hukumar FBI ta Amurka ta kama 'yan leƙen asirin Rasha da suke amfani da wannan dabarar.

Amma ga inda mutane ke faɗawa, in ka tura abin da ka ɓoye saƙon ciki a matsayin hoto ta WhatsApp ko Facebook suna matse shi sai saƙon ya lalace, gara ka aje shi a PNG, wato tsarin ajiye hoto da baya canja lambobin ɗigon, ka tura a matsayin fayil. Kuma don Allah ka fara kulle saƙon da kalmar sirri kafin ka ɓoye, saboda masana suna da manhajojin da ke gano hoton da aka taɓa.