Maigidana kullum yana majami'a, gida babu sujada

Tambaya: Mama, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Maigidana dattijo ne a wata ikkilisiyar ECWA, shi ne kuma ma'aji. Litinin taron dattawa, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Jumma'a zumuntar maza, ran Lahadi kuwa sai la'asar muke ganinsa, bayan an gama ƙirga baiko, wato kuɗin da jama'a suka bayar. Yaranmu huɗu, babban shekararsa 14, ya fara ƙin zuwa makarantar Lahadi. Sujadar iyali, wato addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki da muke yi tare, ta mutu a gidanmu. In na yi magana sai ya ce aikin Allah yake yi. Ya halatta ni mace in bi da sujada? Ko in kai ƙara wurin fasto?
Wata uwa daga Kafanchan

Amsa: 'Yata, ki fara sujadar nan yau da dare, ba sai kin nemi takardar izni ba. Duba 2 Timoti 1:5. Da Bulus ya tashi yabon bangaskiyar Timoti, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya ambata. Uban kuwa, Ayyukan Manzanni 16:1 ta ce Bahelene ne, ba mu ƙara jin labarinsa ba. Matan nan biyu su suka sa yaron a hanyar Littattafai tun yana ƙarami. Banza kike tsammani iyayenmu suka cika gari da 'yan mata masu suna Afiniki?

Amma kada ki mai da tabarmar sujada bagadin wa'azi. Na san halinmu, mu 'yan zumuntar mata: a fara da waƙa, a ƙare da habaici. In kika ɗaga murya kina roƙon Allah ya shiryi "waɗansu iyaye maza", yaran sun san wa kike nufi, shi ma zai ji. Minti goma ya isa. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, aya kaɗan, kowane yaro ya yi addu'a da bakinsa. Ki miƙa wa babban ɗanki Littafi Mai Tsarki ya riƙa karantawa. Ɗan shekara 14 ya gaji da zama cikin ƙanana ana tafa masa hannu, a ba shi aiki yake so. Tun 1932 muke da littafin nan cikakke da Hausa, don haka ba sai an sha wahalar Turanci ba, har kaka in tana gidan ta sa baki.

Maganar maigida ita ce mai nauyi. Ban ce ƙarya yake yi ba, aikin Allah ne, ma'aji mai amana kuma ba a tsintarsa a hanya. Sai dai 1 Timoti 3:4-5 ta sa sarrafa gida cikin sharuɗɗan shugabanci, har Bulus ya yi tambaya: wanda bai iya da gidansa ba, ta yaya zai kula da ikkilisiyar Allah? Eli firist yana bakin aikinsa a Shilo, amma abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suka zama yana nan a 1 Sama'ila sura 2 zuwa 4. Laifin a nan har da mu ikkilisiya. Mutum ɗaya mai ƙwazo sai mu jibga masa kwamiti biyar, mu yi ta yabonsa a sanarwa, ba wanda ya tambayi yaushe rabon da ya ci tuwon dare da 'ya'yansa. Malamin makarantar Lahadi awa ɗaya yake samun yaro a mako, sauran kwanakin yana hannunku.

Ki same shi a ɗaka, yara sun yi barci, ya ci ya ƙoshi. Kada ki ce ya ajiye muƙami, nan za a ɓata. Ki roƙe shi dare biyu a mako, shi ya zaɓi ranakun, ki kuma faɗa masa sarai cewa ɗansa ya fara ja da baya, don mai yiwuwa bai ma sani ba.

Kai ƙara wurin fasto ba yanzu ba. Dattijon da aka kira ofis a kan maganar matarsa, kunyar za ta rufe masa kunne. In wata biyu suka wuce shiru, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, kawunsa ko wanda ya tsaya muku ranar aure, ya zo kamar gaisuwa ce ta kawo shi. Sai in wannan ma ya ci tura ki je wa matar fasto, ki kuma gaya wa maigidan tun kafin ki tafi.