Sitikar rabin kuɗi ba inshora ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2012 da nake kai yara makaranta, da gida mai ɗaki huɗu. Kuɗin cikakkiyar inshorar motar ya yi mini nauyi bana. Wani yaro a bakin ofishin DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, ya ce zai yi mini sitika a rabin kuɗi, kuma maƙwabcina shekara uku ke nan yana yawo da irinta, ba abin da ya same shi. Gidan kuwa ban taɓa yi masa inshora ba, sai gobarar kasuwar Adum ta tsorata ni. Ta ina zan rage kashe kuɗi? Wani magidanci, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari mu fara da yaron nan, don shi ne ya fi gobarar haɗari a gare ka.

Hukumar inshora ta ƙasa, NIC, ita ke yanke mafi ƙarancin kuɗin inshorar tad-fati, wato wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna da motarka, kuma ba kamfanin da aka yarda ya sayar ƙasa da shi. Ke nan duk wanda ya ce maka rabin kuɗi, ya riga ya faɗa maka abin da yake sayarwa: takarda da gam. 'Yan goron nan, wato yaran da ke dillanci a bakin ofishin DVLA, hanya biyu suke bi. Ko su buga sitikar jabu gaba ɗaya, ko su karɓi kuɗin shekara su yanka maka ta wata ɗaya, su soke sauran a aljihu. Ta biyun ta fi muni, domin ranar farko in ka duba za ka ga komai daidai.

Maƙwabcinka kuwa ba dabara ce ta tsare shi ba, bai yi haɗari ba ne kawai. Wannan tunanin na cewa inshora abin nuna wa ɗan sandan MTTD ne a shingen hanya, shi ke kashe gidaje. Dokar 1958 da ta wajabta tad-fati ba don ɗan sanda aka yi ta ba, don wanda za ka iya bugewa ne. A ce da safe wajen kai yara birki ya ƙi, ka ture mai tallan koko a bakin titi, ƙafa ta karye, aka kwantar da ita a asibitin Komfo Anokye. Kuɗin tiyata, na magani, diyyar watannin da ba ta fita kasuwa ba, in da inshora ta gaskiya kamfani ne zai tsaya. In sitikar ɗan goro ce, kai ne kamfanin. Ga tuhumar tuƙi ba inshora a kai, yaron kuma ya canza layin waya. Gidan da kake tsoron wuta ta ci, shi dangi za su zauna su ce a sa a kasuwa. Araha ba ta ado, kuma a nan ko sutura ba ta yi.

Abin haushin shi ne binciken bai kai minti ɗaya ba. Tun 2020 kowace inshorar mota ta gaskiya tana cikin rumbun bayanan NIC. Danna *920*57#, sa lambar motar, za ka ga sunan kamfani da ranar ƙarewa. Ranar ƙarewar nan ita za ka zuba wa ido. Kuɗi kuma ka biya cikin asusun kamfanin, ko da ta MoMo ne, wato tura kuɗi ta waya, ka karɓi rasit mai sunansu, ba lambar wayar wani ba. Ƙa'idar ita ce kuɗi bai shiga ba, kariya ba ta fara ba.

To, ragi na halal. Ka fara da darajar da aka rubuta wa motar: kamfani ba zai biya ka fiye da abin da take yi a kasuwa ranar haɗari ba, don haka ƙarin da ka ɗora a kai asara ce. Amma kada ka zarce wajen ragewa, farashin kayan gyara a Suame Magazine ba ya sauka. Sai rangwamen rashin neman diyya, wanda ke ƙaruwa duk shekarar da ka wuce lafiya, har ya kai iyakarsa. Ka tambaye shi da bakinka, in za ka sauya kamfani ka nemi takardar shaidarsa ka tafi da ita. Saboda shi ne ma ba a neman diyyar fashewar madubi ko ɗan ƙarcen bamba, gyara da kanka ya fi sauƙi. In har yanzu da nauyi, sauko zuwa tad-fati haɗe da gobara da sata. Ka dai sani, in kai ka yi karo, gyaran motarka naka ne. Kuma kada ka rubuta ta a motar gida alhali da yamma tana aikin tasi a Bolt, ranar biya za a gano.

Gida ya fi yadda mutane ke zato sauƙi. Ka sa kuɗin sake gina shi kawai, ban da fili, ƙasa ba ta ƙonewa. Sai dai ka faɗi adadin gaskiya. In sake ginin zai ci sidi 400,000 ka rubuta 200,000, wuta ta yi ɓarnar 100,000, abin da za a ba ka 50,000 ne, tunda rabi ka biya wa. Inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar ambaliya, mutumin Aboabo kuwa ya san abin da rafin nan ke yi da damina, don haka ka ce a rubuta ambaliya da iska a cikin takardar. In akwai shago a gaban gidan, musamman mai gas ko injin niƙa, ka bayyana. Ɗauki hoton kowane ɗaki da rasit na firji da talabijin, ka tura wa ɗan'uwa a WhatsApp ya ajiye. Sannan ka nemi farashi daga kamfani uku ko dillali mai lasisin NIC, ka ce mota da gida za ka haɗa wuri ɗaya, nawa za su sauke maka.