Kafin ka ce a yi mata fomatin

Ka tambaye ni a kan kwamfutar gidan nan da aka kawo: in an kunna ta sai an gaji da jira kafin ta gama tashi, in ta tashi kuma, da an buɗe manhaja sai ta sanƙare, allon ya yi fari-fari, a sama a ga Not Responding, wato ba ta amsawa. Ka ce ko a yi mata fomatin kawai, wato a goge komai a saka sabon Windows, kowa ya huta, ko akwai wani abin dubawa?

Akwai, ɗana. Fomatin ba laifi ba ne, amma shi ake yi a ƙarshe, don yana share alamun ciwon ne ba tare da ka san ciwon ba. Idan faifan ajiyarta ne ke mutuwa, sabon Windows zai zauna lafiya na ɗan lokaci, sannan mai ita ya dawo maka da ita yadda take, ga shi ka riga ka goge masa hotuna da takardu.

Fara da mai kwamfutar. Yaushe abin ya soma? A hankali ta riƙa nauyi, ko dare ɗaya ta canja? Ta taɓa faɗuwa? Yara sun saka mata wani abu? Wadda ta yi nauyi a hankali galibi kaya ne suka yi mata yawa. Wadda ta canja dare ɗaya, wani abu ne ya lalace ko aka shigar. Sai ka kunna ta, agogon wayarka na hannu, ka lura da inda take ɓata lokacin. In ta daɗe a kan tambarin kamfanin da ya ƙera ta, tun Windows bai fara lodi ba, to manhajoji ba su da hannu a ciki. Cire duk abin da ke maƙale a ramukan USB, filashi ne ko firinta, ka sake gwadawa. In kuwa sai bayan an shiga ne take ja da ƙyar, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, wato shafin da ke nuna aikin da injin ke yi, ka shiga Performance.

Abu uku za ka kalla: CPU, wato furosesa, ƙwaƙwalwar injin; Memory, wato ram; da Disk, wato faifan ajiya. Ni idan aka ce min jinkirin tashi da sanƙarewa sun haɗu a inji ɗaya, Disk nake fara duba, kuma a nan nake so ka daɗe. Kada ganin kashi 100 kawai ya ruɗe ka, domin faifai mai juyawa yakan kai haka a mintunan farko bayan tashi, sannan ya sauka. Duba ƙasa, wurin Average response time, wato lokacin da faifan ke ɗauka kafin ya amsa, a milisakan (dubunsu ne sakan ɗaya). Lafiyayyen faifai mai juyawa yana amsawa ne cikin milisakan goma zuwa ashirin ko kusa da haka. In ka ga lambar tana haurawa dubu ɗaya, dubu biyu, alhali abin da yake karantawa bai wuce megabait ɗaya ko biyu a sakan ba, faifan nan yana fama ne. Ga abin da ke faruwa a ciki: ya isa wani gurbi da ya lalace, ya kasa karantawa, sai ya yi ta maimaitawa. Ita kuma manhajar tana tsaye tana jiran abin da ta nema. Windows, idan manhaja ta yi kamar sakan biyar ba ta amsa masa ba, sai ya liƙa mata Not Responding. Ka ga ke nan sau da yawa manhajar ba ta da laifin komai, jira take yi. Kara kunnenka a jikin injin ma. In kana jin ƙas-ƙas-ƙas mai maimaituwa daidai lokacin da ta sanƙare, ba sai an faɗa maka ba.

Kowane faifai yana riƙe da bayanin lafiyar kansa, abin da ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanto shi: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa ya gama. Layi biyu za ka fi sa wa ido, Reallocated Sectors Count da Current Pending Sector Count. Na farko gurabun da suka mutu ne aka musanya su da na ajiya, na biyu waɗanda ake shakkarsu ne. Da zarar ka ga rawaya, tsaya cak. Kada ka yi gwajin komai kuma. Jona wani faifan na waje ka kwashe Documents da Pictures da Desktop, mafi muhimmanci tukuna, ka tambayi mai ita ko akwai wani wurin da yake ɓoye kayansa. Za ka ji wasu na cewa a saka chkdsk /r ya gyara. Wannan umarni yana tilasta wa faifan karanta kowane gurbi nasa na tsawon awoyi, kuma faifan da ke kan gargara yana iya ƙarasa mutuwa kafin ƙarshen wannan aikin. Kwashe kaya, sannan ka yi duk gwajin da ka ga dama.

To idan shuɗi ne fa? Yana iya zama lafiyarsa ƙalau, tsufan fasaha ne kawai. Yawancin tsohon samfurin faifan laftof yana juyawa sau 5400 a minti, yana karanta babban fayil da gudun kusan megabait 100 a sakan. Amma tashin Windows ba babban fayil ɗaya ba ne, dubban ƙanana ne a warwatse, kuma kowanne sai allurar faifan ta yi tattaki ta nemo shi. Maganin shi ne a canja shi da SSD, sabon samfurin faifai, wanda ba shi da allura, ba shi da abin da ke juyawa. Ko na SATA, mai irin mahaɗar tsohon faifai, wanda shi ne mai ƙaramin gudu a cikinsu, yana kai megabait 500 a sakan. A ganina babu gyaran da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamar wannan canjin. In ka saka shi, kada ka yi masa difirag, wato tattara gutsattsarin fayiloli wuri ɗaya, da hannu, ba ya buƙata. Windows ya san yadda yake kula da shi.

Sai Memory, wato ram. Ɗauke shi kamar teburin aikinmu, faifai kuma sito: in tebur ya cika, duk abin da za ka ɗauko sai ka mayar da wani sito, aiki ya koma zirga-zirga. Haka Windows ke yi, yana juye abin da ram ya kasa ɗauka a kan faifai. Shi ya sa ƙarancin ram yakan fito da kamannin ciwon faifai, Disk ya cika alhali lafiyarsa lau. In ka ga Memory na zaune a kashi 85 ko 90 ba a buɗe komai ba sai burauza, ram ne. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, amma a aikace sai 8 ake numfashi. Duba ko akwai ramin da ba kowa, ka kuma tabbatar da irinsa, don DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. In kana zargin ram ɗin ne ya lalace, rubuta mdsched a wurin bincike, Windows zai gwada shi da kansa.

Maganar manhajojin da ke tashi tare da inji ba ta da tsawo. A Task Manager ɗin dai, shiga Startup, duk wadda aka rubuta wa High kuma ba a buƙatarta da sassafe, ka danna mata Disable. Ba gogewa ka yi ba, hana ta rige-rigen tashi ka yi. Bar na sauti, na linzamin laftof da na tsaro. In ka tarar da anti-bairos biyu, cire ɗaya, don kowanne yana binciken abin da ɗayan ya taɓa. Wanda ke zuwa da Windows ya isa kwamfutar gida. Su kuwa manhajojin da ke alkawarin wanke inji su ƙara masa gudu da dannawa ɗaya, ban taɓa ganin amfaninsu ba, cire su nake yi. Ka leƙa faifan C kuma, in layinsa ya yi ja, rage masa kaya.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: tun Windows 8 da ya fito a 2012, Shut down ba ya kashe inji gaba ɗaya muddin Fast Startup, tsarin hanzarta tashi, na kunne. Yana adana zuciyar tsarin ne a faifai ya ɗauko ta gobe, har da matsalar da ke cikinta. Restart ne ke farawa daga tushe. Duba Up time a ƙarƙashin CPU a Task Manager, shi ke ƙirga lokaci tun farawa daga tushe na ƙarshe. Za ka sha ganin makonni a injin da mai shi ke rantsuwa kullum yana kashewa.

Zafi kuma yana da tasa alamar. Injin yakan tashi lafiya, sai an ɗan jima ana aiki fanka ta fara kuka, komai ya yi nauyi. Furosesa idan ya doshi digiri 95 zuwa 100 yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Zare wuta, cire batir in yana ciruwa, buɗe ka ga ƙurar da ta toshe bakin fanka, wani lokaci har ta yi kamar auduga. Riƙe fankar da yatsa yayin da kake hura mata iska, kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. In man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, goge ka sa sabo, ɗan ɗigo kaɗan.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, tashe ta a Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai. In ta yi sauƙi a can, wata manhaja ce ko direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa wani sashen injin, da aka saka. Rubuta perfmon /rel a wurin bincike, zai nuna maka rana-rana abin da ya samu matsala da abin da aka shigar kafin nan. Manhaja ɗaya ce ke sanƙarewa? Ita kaɗai za ka cire ka sake sakawa. In ko'ina ne, buɗe Command Prompt, baƙin allon da ake rubuta umarni, a matsayin mai iko ka ba shi sfc /scannow ya gyara fayilolin Windows. Duk abin da za ka canja, ɗaya bayan ɗaya, ka sake auna lokacin tashi. In ka taɓa biyar a tare ba za ka san wanne ya yi magani ba.

Bayan wannan ne fomatin ke da hujja, da sharaɗin an kwashe kaya kuma mai ita ya gani da idonsa sun buɗe a ɗaya faifan. In Windows 10 ne a kai, gaya masa Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, ka duba ko injin zai ɗauki 11 kafin ka zaɓi abin da za ka saka. Yanzu je ka jona faifan waje kusa da ita, ka buɗe CrystalDiskInfo, in ka ga wani launi ban da shuɗi kada ka taɓa komai sai na zo.