Shin yarjejeniyar masu hankali za ta iya zama tushen nagarta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya gina ƙa'idojin nagarta bisa abin da masu hankali suka zaɓa suka kuma amince da shi a tsakaninsu. A ganina wani ɓangare zai ginu haka, wani kuma ba zai ginu ba.

A 1651 masanin falsafa Thomas Hobbes ya ce idan babu hukuma, kowa tsoron kowa yake ji, shi ya sa mutane ke sallama wani abu na 'yancinsu don samun zaman lafiya. Wani masanin falsafa, David Gauthier, a 1986 ya ce ko mai son kansa, in ya yi lissafi, zai ga cika alkawari ya fi masa riba, domin mutane na guje wa mayaudari. Wannan ya isa hujjar hana sata da ha'inci.

Matsalar tana wajen marasa ƙarfi, kuma ita ce ta fi damuna. Jariri, tsohon da hankalinsa ya gushe, dabba, da waɗanda ba a haifa ba tukuna, ba su da abin bayarwa, ba su da abin tsoratarwa. In riba ce ma'auni, wa zai saka su cikin yarjejeniyar?

Masanin falsafa John Rawls a 1971 ya nemi gyara: a zaɓi dokoki alhali ba wanda ya san ko attajiri zai zama ko talaka, ko mai lafiya ko nakasasshe. Dabara ce mai kyau. Sai dai mai ƙarfi ba zai yarda ya shiga wannan zaɓi ba sai ya riga ya amince cewa ran kowa daidai yake da nasa, kuma wannan amincewar ta riga yarjejeniyar zuwa.